Ƙashi Lafiya, Hannu Ba Lafiya: Labarin Wata Mai Kitso

Ranar da ta shigo ɗakin sikanin, hannunta na dama yana cikin hijabi, ta tallabe shi da na hagu kamar wadda ta ɗauko ƙwai. Ƙanwar mijinta ce ke goye da yaron, ɗan wata tara. A cikin ledar da ta ajiye a kan tebur akwai hoton ƙashi guda biyu, da takardar sikanin ɗaya, da kwalayen maganin da suka ƙare. Duk takardun magana ɗaya suke yi, wato ba a ga komai ba. Ita kuwa ko kofin shayi ba ta iya ɗagawa da wannan hannun.

Mai kitso ce, shekarunta 32, wannan ce haihuwarta ta uku. Ta yarje mana mu ba da labarinta ba tare da ambaton suna ba, domin ta ce a cikin matan da suke zama a gabanta ta ga masu irin ciwon da dama, kowace tana cewa ai sanyi ne. Mu da aikinmu shi ne ɗaukar hoton marasa lafiya mun rubuta shi ne saboda wata bakwai da ta yi tana wahala ba rashin zuwa asibiti ya jawo ba. Ta je, an kuma yi mata hoto har sau uku. Hoton da ya dace da ciwonta ne ba a yi ba.

Abin ya faro ne bayan arba'in, da gwaggonta da ta zo zaman jego ta koma gida. Wanki ya dawo kanta, da matse zannuwa, da tuƙa tuwo, ga masu kitso sun fara sallama. Wanda ya taɓa zama kusa da mai yin kalaba ƙanana ya san babban yatsa da manuniya ba sa hutawa, tsinta da ja ne daga safe har la'asar. Sai kuma ɗaukar jariri yadda kusan kowace uwa take yi: hannu biyu a hammatarsa, babban yatsa a ƙirjinsa, sauran yatsun a bayansa, wuyan hannu ya karye ƙasa, sannan a ɗaga. Yaron da aka haifa da kilo 3 kafin a ankara ya haura 7. Da farko ɗan tsami take ji a gefen wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa. Bayan makonni ya zama kamar an soka mata allura duk lokacin da ta murɗa famfo ko ta ja zip. Wani lokaci zafin ya haura sangalin hannu.

Kafin mu ci gaba sai an warware kalmar jijiya, domin a Hausa abubuwa uku muke kira da ita: mai ɗaukar jini, da mai kai saƙon ji da motsi, da kuma farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda ake cin karo da ita a nama ta ƙi taunuwa. Ta ukun ce maganarmu. A bayan wuyan hannu, waɗannan igiyoyi suna bi ta ƙananan kwararo guda 6 da aka jera a kan ƙashi, wata ɗamara ta rufe su ta sama don kada su tashi idan an lanƙwasa hannu. Kowace igiya tana cikin kube mai ɗan ruwa mai santsi, kamar wuƙa a kubenta. Kwararo na farko, wanda ke gefen babban yatsa, tsawonsa kamar santimita 2 ne, kuma jijiyoyi biyu ne a ciki: doguwa mai kauri wadda ke ware babban yatsa daga tafin hannu, da siririya wadda ke miƙe shi. A takardar sakamako za a ga an rubuta ta farkon APL, ta biyun EPB. Idan gogayya ta yi yawa, ɗamarar da kuben sai su yi kauri, kwararon ya matse, kowane motsi ya zama jan igiya ta ramin da ya yi mata kaɗan. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Siwizalan, Fritz de Quervain, shi ya bayyana ciwon a 1895, kuma sunansa ake kiransa da shi har yau. Ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma masu jego da masu shayarwa suna sahun gaba, don bayan ɗaukar yaro akwai sauyin sinadaran jiki da taruwar ruwa da ke biyo bayan ciki.

Ta fara da kemis, kamar kowa. Man zafi, da ƙwayar kashe raɗaɗi wadda ta sha har ta fara jin ƙuna a ƙirji. Surukarta ta ce targaɗe ne, aka kai ta wurin mai ɗori. Ya kama babban yatsan ya ja, ya murza wurin da ƙarfi, ya ɗaure wuyan hannun da kara da tsumma. Ta ce a wannan daren ba ta runtsa ba. Ɗaurin kansa ba laifi ba ne, hutu na cikin maganin wannan ciwo, amma ya ɗaure wuyan hannu ya bar babban yatsa a sake, alhali shi ne ke jan jijiyoyin. Ja da murzar kuwa ƙara wa wurin da ya riga ya ƙuntata kumburi kawai suka yi.

A wata na uku aka yi mata hoton ƙashi. Sakamako ya fito: ƙashi lafiya, gaɓoɓi lafiya. Wannan takardar gaskiya ta faɗa, amma ta fi komai cutar da ita a gida. Da mijin ya karanta wa mahaifiyarsa, sai magana ta sauya. Wasu suka ce son jiki ne, wasu suka ce a nemi taimako ko sammu ne daga abokan sana'a. Ta ce daga lokacin ta daina cewa hannunta na ciwo, sai dai ta juya baya ta cije leɓe idan za ta ɗauki yaron.

Hoton ƙashi, wanda wasu ke cewa eksire, haske ne da ke ratsa nama ya tsaya a ƙashi. A watan Nuwamban 1895 wani masanin kimiyya mai suna Rontgen ya gano shi a Jamus, shekarar da aka bayyana wannan ciwo, amma hasken nasa ba ya ganin abin da De Quervain ya bayyana. Jijiya da kube da ɗamara duk toka-toka suke fitowa, ba a bambance su. Iyakar abin da mai ido zai iya tsinta shi ne ɗan tudun kumburi a gefen ƙashin, wani lokaci da ɗan kaushi a bakinsa idan ciwon ya daɗe. Amfaninsa a nan shi ne ya kore wasu abubuwa masu kama da shi. Akwai amosanin gaɓar gindin babban yatsa, wanda ya fi yawa ga waɗanda suka haura 50, zafinsa kuma yana ɗan gaba da na jijiya da kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Akwai kuma tsagewar wani ɗan ƙashi mai siffar kwale-kwale da ke ƙarƙashin kwarmin nan da ke fitowa idan an ɗaga babban yatsa. Wanda ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa da tafin hannu, shi ake nema a wurinsa, kuma sau da yawa tsagar ba ta fitowa a hoton farko sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Ita ba ta faɗi ba, ba ta bugu ba. Hoton farko ya isa. Na biyun da aka sake yi mata a wata na biyar asarar kuɗi ce.

Daga nan wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta je inda aka yi mata sikanin lokacin awon ciki. Ta sha ruwa leda uku ta riƙe fitsari kamar yadda ta saba, ta biya, aka ɗora mata kan na'urar a wuyan hannu na minti biyu, aka rubuta ba a ga matsala ba.

Wannan kuskure muna ganinsa sosai. Na'urar sikanin sauti take aikawa cikin jiki ta saurari amsa-kuwwarsa, kuma kawunanta iri-iri ne. Kan da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, yana aiki da sauti mai megahaz 3 zuwa 5, wato ma'aunin saurin kaɗawar sauti. An yi shi don ya kai zurfin santimita 15 ko 20, ya ga kan jariri ko hanta, kuma a madadin zurfin nan ya sarayar da kaifin gani. Jijiyoyin wuyan hannu kuwa milimita kaɗan ne a ƙarƙashin fata, ɗamarar da ake son aunawa ba ta kai milimita 1 ba a hannu mai lafiya. Da kan duba ciki, duk wannan yana cunkushe ne a saman allon cikin hazo. Abin da ake bukata miƙaƙƙen kai ne mai megahaz 12 zuwa 18, idan da hali ɗan ƙaramin nan da ke zama daram a kan ƙashi mai tudu. Saboda haka duk wanda aka tura sikanin hannu ya tambaya tun kafin ya biya: kuna da miƙaƙƙen kai na duba jijiya, kuma mai dubawar ya saba duba gaɓoɓi? Ba rashin kunya ba ne. Kuma babu azumi, babu riƙe fitsari. A cire agogo da awarwaro kawai. Lalle ba ya hana komai.

A wata na shida ta samu ganin likitan da ya taɓa hannun. Ya danna bakin ƙashin, ta zabura. Ya kama babban yatsanta ya karkatar da hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa, ta yi ƙara. Wannan gwaji sunan Finkelstein yake ɗauke da shi, likitan Amurka da ya rubuta a kansa a 1930. Akwai wani da mutane ke yi wa kansu, a dunƙule babban yatsa cikin tafi a lanƙwasa hannu, amma wannan ko mai lafiya yakan ji zafi, don haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci da shi. Gaskiyar magana, a mafi yawan lokuta wannan taɓawa da tambayoyi sun wadatar a gane ciwon, ba kowane mai shi ne ke bukatar hoto ba. Likitan ya faɗa mata sunan ciwon, ya yi mata allurar rage kumburi a wurin, ya rubuta mata takalmin hannu, wato abin da ake ɗaurawa ya hana wurin motsi.

Ta ce da ta fito sai da ta yi kuka a bakin ƙofa, ba don zafin allura ba, don an ce ciwon yana da suna.

Sauƙin da ta samu rabi ne. Ware yatsan ya daina zafi, amma miƙe shi yana nan yadda yake, kuma bayan mako uku komai ya dawo. Ana cikin haka sai fatar wurin allurar ta fara yin fari kamar girman kwabo, ta ɗan lotsa. A gida aka ce ga shi nan, allura ta ƙone ta. A nan ne likitan ya rubuto mana takarda, kuma ya yi abin da muke so kowane mai turo mara lafiya ya yi, ya rubuta tambayarsa a fili: an yi allura sau ɗaya ba ta yi aiki ba, shin akwai shamaki a cikin kwararon farko?

Aka zaunar da ita a kujera tana fuskantar mai dubawa, ƙaramin matashi a kan tebur tsakaninsu.

"Maman yaro, nuna min da yatsa ɗaya inda ya fi zafi."

Ta ɗora manuniya a kan bakin ƙashin.

"Nan ne, likita. Idan na ɗaga shi haka, kamar ana yanka ni."

Ana farawa da hannun da ba ya ciwo. Dalili biyu ne: mara lafiya ta saki jiki ta ga abin ba zafi, mai dubawa kuma ya ga yadda Allah ya halicci nata kwararon, tunda kowa da irin nasa. Ana kife tafin hannu, a zuba man sikanin da yawa, a ɗora kan na'urar a gicciye, a rage zurfin hoton zuwa santimita 1.5 ko 2. Abin da ake fara nema wani ɗan tudun ƙashi ne a tsakiyar bayan wuyan hannu, wanda ake kira tudun Lista. Shi ne alamar hanya. Daga shi a zame zuwa ɓangaren babban yatsa, a wuce kwararo na biyu mai jijiyoyi biyu, sannan a juya hannun ya tsaya a gefensa, babban yatsa a sama, kamar mai shirin gaisawa. Ga kwararon farko nan zaune a kan ƙashi. A gicciye jijiyoyin suna fitowa kamar an yanka rake a kwance, farare masu ɗigo-ɗigo. Idan aka juya kan na'urar ya bi tsawonsu, sai su zama kamar an tsaga raken a tsaye, zare-zare a jere.

A hannunta na hagu ɗamarar siririn layi ce, kamar rabin milimita. A na dama baƙin zobe ne mai kauri, kusan milimita 2, kuma ba duka jijiyoyin ya zagaye ba. Doguwar tana zaune lafiya, da alama allurar farko ta same ta. Siririyar ce a shaƙe. Tsakaninsu ga wani siririn layi mai duhu ya sauko daga ɗamara zuwa ƙashi, ƙashin kansa kuma yana da ɗan tudu a daidai wurin, ya raba ƙasan kwararon gida biyu. Shamakin ke nan. Ba ciwo ne ya kawo shi ba, da shi aka haife ta, kuma mutane da yawa suna da shi ba su sani ba, sai dai an fi samunsa a hannun masu wannan ciwo. Maganin da aka zuba a ɗaki ɗaya bango ya hana shi shiga ɗayan.

Ganin shamakin nan yana bukatar haƙuri. Sau da yawa ba ya bin tsawon kwararon duka, yana can ƙarshe ta wajen yatsa, don haka wanda ya ɗauki hoto ɗaya a tsakiya ya ɗaga hannu zai rantse babu shi. Sai an bi a hankali daga sama har ƙasa. Akwai kuma tarkon da ya fi kama sababbin hannu: jijiya tana fitowa fara ne kawai idan sautin ya sauka a kanta a miƙe. Kan na'urar ya ɗan karkata kaɗan, sai lafiyayyar jijiya ta koma baƙa, a rubuta ta lalace ko ruwa ya taru. Maganin wannan shi ne a riƙa ɗan kaɗa kan gaba da baya. Abin da ya yi fari da aka gyara riƙo jijiya ce, abin da ya zauna baƙi ko ta ina aka kalle shi ruwa ne ko kaurin kube. Tarko na uku, doguwar jijiyar a mafi yawan mutane ba igiya ɗaya ba ce, tana rabuwa biyu ko uku ko fiye. Wanda bai sani ba sai ya ce ta tsage, ko ya ɗauki ɗaya daga cikin rassan a matsayin siririyar. Don a tabbatar, sai a riƙe gindin yatsan a ce wa mara lafiya ta motsa gaɓar tsakiya kawai. Wadda ta zame a allon ita ce siririyar. Tata da ƙyar take wucewa, tana tafiya tana tsayawa, kuma daidai lokacin da ta tsaya a allon ita ma matar take runtse ido.

Sai aka kunna Dofla, wato yanayin da na'urar ke sa launi a inda jini ke gudana. A lafiyayyen kube ba a ganin launi. A nata, ɗigo-ɗigon ja suka tashi a kewayen siririyar jijiyar. Nan ma akwai ƙa'ida. Dole a saita na'urar ta ji jini mai tafiya a hankali, kuma dole hannun mai dubawa ya yi sauƙi, kan na'urar ya kusa yin iyo a kan man. Dannawa kaɗan ta isa ta matse ƙananan hanyoyin jinin ta kore ruwan da ke cikin kuben, hoto ya fito tsaf alhali ciwo na nan. Rashin launi kuma ba ya wanke hannu, don a ciwon da ya daɗe abin da ya rage kauri ne kawai ba kumburi mai zafi ba.

Kafin a goge man akwai wurare biyu da ba a tsallakewa. A haura sama da kamar santimita 4 zuwa 8, inda waɗannan jijiyoyi ke gicciye na kwararo na biyu, domin can ma akan samu kumburi mai kama da wannan, har a ji ƙuruƙuru a ƙarƙashin yatsa idan ana motsa hannu. Sannan a nemo ƙananan rassan jijiyar ji da ke bi ta saman kwararon dab da fata. Idan su ne suka matsu, misali da matsattsen agogo ko awarwaro, abin da ake ji ƙuna ne da dindiris a bayan babban yatsa, kuma maganinsa daban. Mai allura da mai fiɗa duka suna son sanin inda suke don su kauce musu. Duka aikin bai wuce minti 20 ba.

Aka juyo mata da allon, aka kira mijin daga waje.

"Malam, ga na hagu, ga na dama. Ka ga wannan baƙin zoben? Shi ne ya shaƙe jijiyar."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ko za a buga masa hoton a takarda, yana so ya kai wa Hajiya.

Shi ne kuma ya tambaya ko a yi MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, don wani abokinsa ya ce shi ne babban hoto. MRI yana ganin wannan ciwo sarai: ruwan kube yana fitowa fari tas a hotunan da aka saita na'urar ta dusar da hasken kitse, ana ganin kaurin jijiya har da kumburin cikin ɓargon ƙashi, abin da sikanin ba ya iya gani. Amma a yankinmu sai manyan asibitocin koyarwa da wasu cibiyoyi masu zaman kansu ke da shi, kuɗinsa ya ninka na sikanin sau da yawa, mutum zai kwanta rabin awa ko fiye hannu ba motsi, kuma sai an tantance masu wasu ƙarafa ko na'urar bugun zuciya a jiki. Ga shi hoton tsaye ne, ba ya nuna jijiya tana tafiya, shamakin ma ba lallai ya fi sikanin nuna shi ba. Wurinsa shi ne idan ana zargin tsagar ƙashin da ta ɓuya, ko ƙari, ko ciwo a can cikin gaɓa, ko kuma sikanin mai kyau bai bayyana zafin ba. A nata, tambayar da aka yi ta riga ta sami amsa.

Akwai wani abu da muke sa ido a kansa a kowane kumburin kube, ko da ba shi aka turo nema ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma ƙwayar cutar takan sauka a kuben jijiya, galibi ta ɓangaren tafin hannu. Kumburi ne mai taushi da ke girma a hankali cikin watanni, zafinsa kaɗan, mutum ma ba ya tari. A hoto kuben yana fitowa da kauri sosai, cike da wasu ƙananan abubuwa masu kama da ƙwayar shinkafa. Wanda aka yi wa allurar rage kumburi a irin wannan wuri an ƙara wa cutar ƙarfi ne. Sai an ɗebi nama ko ruwa an gwada. Haka idan kumburin ya kama kube da yawa a hannu biyu, musamman na gefen ƙaramin yatsa, ga sandarewar gaɓoɓi da safe na tsawon awa, to a nemi gwajin jini na amosanin gaɓɓai. Idan kuwa ƙaya ko ƙashin kifi ko cizo ne ya huda yatsa, ya kumbura ya yi ja cikin kwana ɗaya ko biyu, ga zazzaɓi, wannan ba na jiran layin hoto ba ne, a nufi sashen gaggawa a ranar.

Mako guda bayan haka aka sake yi mata allura, wannan karon ana kallon allo. An wanke fata, an sa wa kan na'urar riga mai tsabta, an shigar da siririyar allura ana ganin bakinta yana tafiya, ta wuce gefen jijiyar ji, ta huda ɗamarar ta shiga ɗakin siririyar jijiyar. Maganin bai wuce mililita 1 zuwa 2 ba, na rage kumburi gauraye da na kashe zafi. Shaidar cewa ya shiga inda ake so ita ce a ga baƙin ruwa ya zagaye jijiyar kamar zobe ya bi tsawonta. Idan aka ga jijiyar kanta tana kumbura, allurar ta shige cikinta, sai a ja baya. Idan fata ce ke tashi, maganin yana zuba a waje, kuma wannan ne ke kawo farin tabo da lotsawar da ta samu a karon farko, abin da ya fi fitowa fili a baƙar fata. An faɗa mata zafin zai iya ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu kafin ya sauka, kuma ta ci gaba da shayarwa, don sikanin da hoton ƙashi da wannan allura babu wanda ke ɓata nono. Da mai ciwon suga ce da an ce ta riƙa auna suganta na wasu kwanaki, don yakan hau. An kuma faɗa mata ba a jera irin wannan allura ba iyaka. Idan biyu ko uku ba su yi ba, ƙaramar fiɗa ce ake yi a buɗe ɗamarar, kuma takardar sikanin ɗin za ta gaya wa mai fiɗar cewa ɗaki biyu zai buɗe ba ɗaya ba.

A sashen gashin ƙashi aka ba ta takalmin hannu wanda ya haɗa da babban yatsa, ya bar gaɓar ƙarshe kawai tana motsi, ta sa shi mako 4. Aka koya mata ɗaukar yaro ta ƙasa: hannu ɗaya a mazaunansa, ɗaya a bayansa, tafi a buɗe, babban yatsa manne da 'yan'uwansa. Lokacin shayarwa matashi ya ɗauki nauyin kansa, ba tafin hannunta ba. Surukar, wadda aka kai wa hoton, ta aiko da jikanyarta ta karɓi wanki. Waya ma an ce ta riƙa latsawa da manuniya.

Da ta dawo bayan mako 6 ita ce ke goye da yaron. Ɗamarar ta sauko zuwa kusan milimita 1, launin Dofla ya ɓace, siririyar jijiyar tana zamewa ba tsayawa. Shamakin yana nan, kuma zai kasance. Ta koma kitso amma kai biyu a yini, tana tsayawa ta saki hannu duk bayan 'yan layuka, ƙananan kalaba kuwa ta ce sai bayan Sallah. Farin tabon shi ne abin da ya rage mata na damuwa. Aka ce mata irinsa yakan koma daidai da kansa, cikin watanni, wani lokaci ya haura shekara, kada ta shafa masa komai kuma kada a tsaga. Ta miƙo hannun a ƙarƙashin fitila, gefen tabon ya riga ya fara yin duhu.